Kwana Talatin na Papiri: Abin da Na Gani a Wurin Maƙwabtanmu Kirista

Ina gaida jama'ar Unguwar Hausawa ta Zugurma, manya da yara, da 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Mokwa, Kontagora, New Bussa har Ikko, waɗanda mujallar nan take riska a can.

Masu bin wannan shafi sun saba ganin ina magana a kan zakkar hatsi, ko tauye mudu, ko gyaran sahu. Yau zan ɗan kauce. Ina so in yi magana a kan maƙwabtanmu Kirista, da irin kalaman da suke ƙarfafa wa juna gwiwa da su idan masifa ta sauka, da abin da ya hau kanmu mu Musulmi, musamman 'yan kasuwa, idan maƙwabci yana cikin kuka. Na san wani zai ce, to shi liman ina ruwansa da wa'azin coci? Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, sannan ka yanke mini hukunci.

Babu wanda bai ji abin da ya faru ba a daren Alhamis wayewar Juma'a, 21 ga Nuwamba, 2025. 'Yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, makarantar cocin Katolika ce ƙarƙashin Bishop na Kontagora, suka kora yara da malamansu cikin daji. Lissafin da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta fitar shi ne ɗalibai 303 da malamai 12. Kimanin 50 suka samu kuɓuta a kwanakin farko. Aka sako 100 a farkon Disamba, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya karɓe su a Minna ranar 8 ga wata, sannan aka sanar da sakin ragowar 130 ranar 21 ga Disamba. Wata guda cur. A cikinsu akwai 'yan firamare, yaran da a gidajenmu ko aike mai nisa ba a yi musu. Kwana huɗu kafin wannan kuwa, an ɗauki 'yan mata 25 a makarantar gwamnati ta Maga a jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Mu mutanen jihar Neja wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. A Fabrairun 2021 an kwashi ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara. Ranar 30 ga Mayu na shekarar aka shiga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, aka tafi da yara sama da ɗari, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo da rai ba. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, a nan ƙaramar hukumarmu ta Mashegu, aka buɗe wuta a kan masu sallar Asuba a Mazakuka, mutum 18 suka rasu. Ranar 15 ga Janairu, 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro, mutumin da ya tsira daga bam ɗin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011. Ban kawo wannan jeri don in ce namu ya fi nasu ko nasu ya fi namu ba. Wanda ya zauna yana gwada tsawon kabari da kabari, zuciyarsa ta riga ta bushe. Na kawo ne don mu tuna cewa uwar Tegina da uwar Papiri kuka ɗaya suka yi, kuma da Hausa mafi yawansu suka yi shi.

To amma mu mazauna zango akwai wani nauyi na daban a kanmu, kuma gara a faɗe shi a fili. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ko da an haifi wasunmu a nan. Kakanninmu fatauci ya kawo su, masu gari suka ba su wurin zama. Waɗanda ke shiga ƙauyuka da bindiga kuwa, sau da yawa da yarenmu suke ba da umarni, da shi suke kiran waya su nemi kuɗin fansa. Manomin da aka ƙone wa rumbu, idan ya shigo kasuwa ya ji irin wannan harshe a bakin mai awo, me kake zato zai ɗarsu a ransa? Duk ranar da aka kai hari a kusa, wallahi nakan lura da yadda gaisuwa take gajarcewa a kasuwa. Ba mu aikata ba, amma zargi ba ya jiran shaida. Saboda haka zaman lafiya da maƙwabci a wurinmu ya wuce maganar ladabi. Da shi muke kwana, da shi muke buɗe shago.

Ina da wani maƙwabci, dattijo Bakambare, manomi, shi ne malamin cocinsu na Katolika, wanda ke jan su addu'a idan Fada bai zo ba. Shi ma Malam suke ce masa. Mun fi shekara goma sha biyar yana kawo mini dawa da wake ina saye. Jikan ƙanwarsa yana cikin yaran Papiri, yaro ɗan shekara tara. Kwana biyu da faruwar abin, bayan La'asar, na ɗauki mutum biyu daga masallaci muka tafi yi masa jaje.

Mun tarar da tsakar gida cike. Mata na Zumunta sun ɗora tukwane, wasu na zaune a tabarma riƙe da wani carbi nasu da suke kira rosari. Da ya hango mu sai ya miƙe, ya sa aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma a inuwa.

"Liman, da kanka?"

"Malam, ai dole. Ya muka ji da wannan abu? Allah Ya bayyana su cikin aminci."

"Amin, Liman. Allah Yana ganinsu inda suke. Mu ne ba ma ganinsu."

Muna zaune lokacin addu'arsu ya yi. Muka yi niyyar tashi, ya ce mu zauna abinmu, ba mu tsare musu komai ba. Muka koma gefe muka yi shiru. Ba mu shiga ibadarsu ba, su ma ba su neme mu da haka ba. Amma kunne ba shi da marfi, kuma da Hausa yake magana. Nan ne na ji abin da ya sa nake wannan rubutu.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce musu tsoro ba zunubi ba ne, kuka ma ba zunubi ba ne, abin gudu shi ne mutum ya yanke ƙauna ga Allah. Ya kawo musu labarin Ayuba da ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya bai saki Ubangijinsa ba. Ya kawo na Yusufu, yaron da aka raba da tsohonsa aka jefa rijiya aka sayar, ya ce Allahn da Ya san inda Yusufu yake a lokacin da ubansa bai sani ba, Shi ne Ya san gindin bishiyar da yaransu ke kwance a daren nan. Sai ya ce kada wanda ya bar gidan nan da ƙiyayyar wani a ransa. Ya nuna inda muke zaune ya ce, ga maƙwabtanmu sun zo, waɗannan ba su ne suka ɗauki yaranmu ba, su ma an ɗauki nasu a Tegina, an kashe nasu a masallaci. Daga ƙarshe ya yi addu'a har ga waɗanda suka sace yaran, ya roƙi Allah Ya sa tausayi a zukatansu, Ya juyo da su daga wannan hanya.

Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ce mini a hanyar komawa, "Malam, ka ji fa, kamar wa'azinmu." Na ce masa akwai inda muka haɗu, akwai inda muka rabu, kuma duka biyun gaskiya ne. Abin da suke faɗa game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba shi muke faɗa ba. Mu a wurinmu bawan Allah ne kuma ManzonSa. Ban taɓa ɓoye wa dattijon nan haka ba, shi ma bai taɓa ɓoye mini nasa ba, kuma wannan bai hana shi ba ni dawa bashi har bayan kasuwa biyu ba. Amma a kan yadda bawa zai tsaya idan ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa, kalmomi uku na ji suna ta maimaitawa: ƙauna, alheri, dogara ga Allah. Dukkansu kalmominmu ne na gida. Dalili kuwa sananne ne. Tun 1932 aka buga littafinsu cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahala a kansa, kuma da Hausa ake ibada a coci-coci da yawa na Arewa, tsakanin Kambari da Dakarkari da Gwari da sauransu. Inda muke cewa imani su ce bangaskiya, inda muke cewa tawakkali su ce dogara. Haƙuri da jinƙai da gafara kuwa ko canza su ba su yi ba.

Bari in ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yadda na gan su a aikace.

Dogara ga Allah da na gani ba naɗe hannu ba ce. Ƙanwar dattijon nan da mijinta sun yi ta zirga-zirga zuwa Papiri, su bi mota, su bi babur, don kawai a rubuta sunan yaron a tabbatar yana cikin lissafi. Bishop Bulus Dauwa Yohanna na Kontagora, wanda kuma shi ne shugaban CAN na jiha, ya yi ta kiran mutane zuwa addu'a, amma bai tsaya nan ba. Da gwamnati ta ce an gargaɗi makarantar kafin harin, ya fito ya ce su ba su samu wata takarda ba, ya ci gaba da neman a dawo da yaran. Paparoma Leo ma daga Rum ya yi kira a sake su. Wato ana addu'a, ana kuma ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan shi ne abin da aka koya mana tun muna Islamiyya a labarin Balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure tukuna. Mu a nan sau da yawa mukan rabu biyu. Wani ya ce sai addu'a kawai, ko taron tsaro na unguwa ba zai zo ba. Wani kuma ya cika da tsoro da lissafi har ya manta akwai Mai tsarewa, dare ya yi ba barci, yana ta jujjuya waya yana neman labarin da zai ƙara tayar masa da hankali. Tawakkali yana tsakanin waɗannan biyun: ka yi abin da ke hannunka, ka bar wa Allah abin da ke hannunSa, ka kwanta.

Ƙauna kuwa, a bakinsu ta fi faɗi a kan yadda muka saba amfani da kalmar. Suna cewa an umarce su su ƙaunaci maƙwabci, har ma maƙiyi. Da na ji dattijon yana yi wa ɓarayin jikansa addu'ar shiriya, sai na tuna da ranar Ɗa'ifa, lokacin da aka jefi Manzon Allah har ƙafafunsa suka yi jini, aka ba shi zaɓin a halaka mutanen, ya ƙi, yana fatan a samu masu bauta wa Allah daga tsatsonsu. Wannan ba yana nufin a bar azzalumi ya ci bulus ba. Hukunci aikin hukuma ne, kuma wajibi ne ta yi shi. Abin da ake tsarewa shi ne zuciyar wanda aka zalunta, kada ta koma irin ta wanda ya zalunce shi. Mun gani a wurare da yawa a ƙasar nan yadda ramuwar gayya take faɗawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, matafiyi a mota, ko mai shayi a bakin tasha. Maganar da dattijon nan ya yi a tsakar gidansa, da ya nuna mu ya ce ba su ba ne, ta fi mana shingen ƙaya. Matasan da ke zaune a wurin sun ji, kuma da su muke haɗuwa a kasuwa.

Alheri shi ne wanda na fi so in tsaya a kansa, domin shi ne ake iya aunawa da mudu. Kun tuna ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayu, 2025, wadda ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta ci mutum sama da 150. Mu nan babu wanda ba shi da wani a Mokwa. Wani gida a layinmu sun rasa 'yarsu da ke aure a can da 'ya'yanta biyu. Ranar uku, ina zaune a wurin karɓar gaisuwa, sai ga matan Zumunta su shida, matar dattijon nan a gaba, ɗauke da kwanon garin masara da ƙunshin atamfofi da sabulu. Suka durƙusa suka gaida maza daga nesa, suka shige cikin gida wurin mata. Ba su zo da wa'azi ba, ba su zo da mai ɗaukar hoto ba. Da za su fita na ce, "Mama, an gode, Allah Ya saka." Ta ce, "Malam, ai yarinyar a gabanmu ta girma." Iyakar abin da ta ce ke nan. Wata shida bayan haka kuka ya koma gidansu. Da a ce ba mu taka mun je ba, da wane ido za mu dube su?

Bayan jajen nan wani matashi mai son karatu ya same ni bayan Isha'i. Ya ce, "Malam, na ji kun sa yaran Papiri a cikin alƙunutu. Ya halatta a yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a?" Tambaya ce mai kyau, kuma na san ba shi kaɗai take damu ba, don haka ga amsar a rubuce. Abin da malamai suka hana shi ne nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara. Roƙa wa mai rai lafiya, ko kuɓuta daga hannun azzalumi, ko shiriya, wannan babu laifi. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Manzon Allah ya je duba wani yaro Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Sahabi Abdullahi ɗan Amru, idan aka yanka akuya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Sannan kada mu manta, lokacin da Makka ta yi wa Musulmin farko zafi, ƙasar Habasha aka tura su, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a gabansa. Kuraishawa suka bi su da kyaututtuka don a mayar da su, ya ƙi. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, wannan labari namu ne fiye da kowa.

A zamaninmu ma akwai misali. Ranar 23 ga Yuni, 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barkin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara sama da tamanin, ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kirista, mata a gidansa, maza a masallaci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya yi ta roƙonsu har suka tafi. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Abin da mutane ba su cika ambata ba shi ne, filin da aka gina masallacin a kai, mutanen garin Kirista ne suka bayar shekaru da yawa kafin nan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A Kaduna kuma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Faston ya rasa hannunsa, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Daga 1995 suka haɗa kai suna sulhunta jama'a. Idan waɗanda jini ya shiga tsakaninsu sun iya zama a tabarma ɗaya, mu da babu komai tsakaninmu sai ciniki da gaisuwa, wane uzuri gare mu?

Yanzu bari in juyo kanmu 'yan kasuwa, domin a nan ne maganar take da ƙashi. Lokacin fitina lokacin riba ne ga wanda ba ya tsoron Allah. Iyayen yaran Tegina sun sayar da gonaki da dabbobi da kayan ɗaki don haɗa kuɗin fansa. To wa ya saya? Kuma a nawa? Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san fuskar mutumin da ya matsu. Ba ya taya kayansa, ba ya jayayya, idonsa na kan hanya. Kana iya karya masa farashi da rabi ya karɓa ya yi godiya. A takarda ciniki ne, an yi sallama an biya. Amma malamai sun yi magana a kan cinikin wanda larura ta tilasta, kuma ko ba a buɗe littafi ba zuciya ta san wannan kuɗi ba ya albarka.

A cikin makon nan na Papiri, mijin ƙanwar dattijon ya shigo da buhun dawa takwas a lokacin da kaka ta sa farashi ya faɗi, yana neman kuɗin mota da na abinci. Wani dattijo a layinmu na 'yan hatsi, ba zan faɗi sunansa ba don ba zai so ba, ya ce masa, "Ɗana, wannan ba lokacin sayar da dawa ba ne. Nawa kake bukata?" Ya ƙirga ya ba shi rance, ya sa yara suka jera buhunan a ɗakin ajiya da alamar mai su. Ya ce in an sako yaro, hankali ya kwanta, ka zo mu yi lissafi a farashin ranar. Ban ji ya kawo aya ko hadisi ba. A wurina wannan ya fi huɗubar da na yi a watan gaba ɗaya.

Akwai kuma ɗaya gefen mai ɗaci. Mutanen daji ba sa noma, ba sa gasa burodi, ba su da gidan mai. Duk abin da suke ci da wanda suke zubawa a babur daga gari yake fita. Shi ya sa a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina suka hana sayar da fetur a jarka suka rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci. Idan baƙon fuska ya zo yana neman burodi na dubban nairori, da katin waya, da ƙwayoyi, bai damu da canji ba, kai ma ka san ba biki zai yi ba. Idan aka kawo maka saniya da daddare a rabin kuɗinta, ka san ba gado aka raba ba. Wanda ya rufe ido ya karɓa, ya sa hannu a cikin kukan uwar Papiri da ta Tegina, ko da shi ne a sahun farko kullum. Kuma mutum ɗaya irin wannan ya isa ya ja wa unguwa gaba ɗaya baƙin jini. Kada mu ce muna son maƙwabci da baki, alhali awonmu yana ciyar da mai sace masa ɗa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon jama'armu, kuma babu mai wuya a ciki. Idan rasuwa ko wata masifa ta samu maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, Banufe ne ko Bakambare, a tashi a je, kada a ce sai an aiko. Ƙafa ta fi saƙon waya. Idan mai matsuwa ya kawo kaya, a saya a farashin kasuwa, ko a ba shi rance a ajiye masa kayansa. Kada a ɓoye hatsi ana jiran 'yan gudun hijira su ƙaru. Duk abin da aka gani na shakka a kai wa mai unguwa da jami'an tsaro ta hanyar da ba za ta jefa mai faɗa cikin haɗari ba. Matasa masu WhatsApp da Facebook, kafin ka tura hoton gawa ko muryar wani yana zagin wani addini, ka tambayi kanka wa zai amfana. Sau da yawa hoton ma na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Ranar Sallah kuma a tuna da maƙwabci a rabon nama, kamar yadda iyayenmu suke yi tun kafin a fara wannan zamani na zargi.

Jikan ƙanwar dattijon yana cikin rukuni na ƙarshe da aka sako, kwana huɗu kafin Kirsimeti. Ya dawo a rame, ƙafafu duk ƙaya, kuma an ce har yanzu yakan firgita da dare idan ya ji ƙarar babur. Akwai iyayen da, kamar yadda Bishop ya sanar, rai ya yi halinsa kafin 'ya'yansu su dawo. Dajin da aka kai yaran yana nan, masu bindigar suna nan, kuma babu wanda ya isa ya ce ga gidan da za a ƙwanƙwasa gobe. Abin da ke hannunmu shi ne mu tabbatar duk ranar da aka ƙwanƙwasa, mai gidan ba zai yi kuka shi kaɗai ba, kuma ba zai dubi katangar maƙwabcinsa da zargi ba. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, mu baƙi mun fi kowa sanin kuɗin wannan magana.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, Ya ba duk wanda ya yi rashi haƙuri. Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumai, ɗan kowane gida ne. Ya shiryi masu shiryuwa a cikinsu, Ya yi mana maganin waɗanda suka ƙi. Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Ya tsare mana kasuwarmu daga haram, Ya zaunar da Zugurma da jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.